LAFIYA UWAR JIKI: A Riƙa Ƙirga Numfashin Yaro

 Hatsi ya shiga rumbu. An kwashe gyaɗa da riɗi. Dabbobi sun sauko gonaki suna cin kara. Yanzu sai ɗari. Iskar hunturu ta fara kaɗawa, hazo ya rufe gari, kowane gida aka shiga sai a ji yaro yana tari.

A kan tarin nan maganar wannan wata take. Akwai tarin mura, wanda ke wucewa da kansa cikin mako ɗaya ko biyu. Akwai kuma tarin da ke sauka cikin huhu, ya kashe yaro cikin ƴan kwanaki. Shi ake kira ciwon haƙarƙari, malaman likita kuma suna ce masa ciwon huhu. Idan da kunne aka saurara, da wuya a raba su. Abin da ke raba su shi ne saurin numfashi. Saurin numfashi kuwa abin ƙirgawa ne. Duk wanda ya zauna makarantar yaƙi da jahilci har ya iya ƙirga 60, ya iya wannan aiki.

Idan aka kai marar lafiya gidan likita, akwai alamu huɗu da ake fara dubawa. Ana duba zafin jiki, da bugun zuciya, da ƙarfin hawan jini, da numfashi. Zafin jiki sai da abin awo da ake sawa a hammata. Hawan jini sai da na'urar da ake ɗaurawa a dantse. Bugun zuciyar ƙaramin yaro yana da wuyar samu ga wanda bai koya ba. Numfashi kuwa a fili yake. Ido da agogo sun isa.

Makiyayi ya riga kowa sanin wannan. Da safe kafin ya kwance shanu yakan tsaya ya dubi kwiɓin kowace saniya. Wadda ta tsaya ta miƙa wuya, kwiɓinta yana ɗagawa da sauri, ya san ciwon huhu ya kama ta, ya ware ta daga garke. Ba ya jiran ta faɗi. To, idon da ake duban saniya da shi, shi ne ake son a dubi yaro da shi. Abin da za a ƙara kawai shi ne lamba.

Ga dalilin da ya sa numfashi ke sauri. Huhu kamar soso yake, cike da ƙananan jakunkuna da ido ba ya gani. Iska tana shiga cikinsu, daga nan ta wuce cikin jini, jini ya raba ta ko'ina a jiki. Idan ƙwayar cuta ta shiga, sai jakunkunan su cika da ruwa da mugunya. Wurin iska ya ragu ke nan. Jiki kuwa ba ya haƙura da iska. Tun da kowane ja ɗaya bai kawo abin da ya isa ba, sai ya yawaita ja. Kamar mai ban ruwa ne da gugarsa ta huje. Dole ya yi ta zurawa da sauri kafin kwami ya cika. Amma ba zai daɗe yana haka ba, zai gaji. Haka yaro ma yake gajiya.

Babban mutum mai lafiya, idan yana zaune, yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Mai son lissafi ya gwada da 15. A awa ɗaya 900 ke nan, a yini da kwana 21,600. Duk mutum yana yinsu bai sani ba. Yaro ya fi babba saurin numfashi, don huhunsa ƙarami ne. Jariri sabon haihuwa yakan yi 40 ko 50 a minti, kuma lafiyarsa lau. Saboda haka ba lamba ɗaya ake riƙewa ba. Lamba uku ce, kowace da shekarunta. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ita ta tsayar da su, kuma da su malaman likita ke aiki.

Jaririn da bai cika wata 2 ba: 60 ko fiye, numfashinsa ya yi sauri.

Yaron da ya cika wata 2 amma bai cika shekara ba: 50 ko fiye.

Yaron da ya cika shekara 1 har zuwa shekara 5: 40 ko fiye.

60, 50, 40. Yaro yana girma, lamba tana raguwa. A rubuta su da gawayi a jikin bango, ko a bayan karnen awo na yaro.

Yadda ake ƙirgawa yana son natsuwa. Ba a ƙirga numfashin yaron da ke kuka, ko wanda ya dawo daga guje-guje, ko wanda ke cikin shan nono. Duk waɗannan suna ɓata lissafi. Uwa ta zaunar da shi a cinyarta har ya yi shiru. Idan barci yake, ya fi kyau, kada a tashe shi. A ɗaga rigarsa a wurin da akwai haske. A kafa ido wuri ɗaya, ko ciki ko ƙirji. Idan ya ɗaga ya sauka, ɗaya ke nan. Nan ne mutane suka fi kuskure, sai su ƙirga ɗagawa ɗaya, saukowa biyu, lamba ta ninka, hankali ya tashi a banza.

Aikin ya fi sauƙi da mutum biyu. Ɗaya ya riƙe agogo ko salula, ɗaya ya dubi yaro. Mai agogo ya ce a fara, ya kuma ce a tsaya idan minti ya cika. Minti guda cur ake so, ba rabi ba. Dalili kuwa, numfashin ƙaramin yaro ba ya tafiya daidai. Yakan yi sauri, ya ɗan dakata, ya sake ɗauka. Wanda ya ƙirga rabin minti ya ninka, yana iya faɗawa kan lokacin saurin kaɗai, ko kan lokacin dakatawar. Idan yaro ya motsa ko ya fara kuka, a bari, a sake daga farko. Ga jaririn da bai cika wata 2 ba, idan an samu 60 ko fiye, a sake ƙirgawa sau ɗaya don a tabbata.

Akwai uwayen da ƙirge mai sauri ke rikita su. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma akwai dabara. A wasu ƙasashen Afirka, irin su Yuganda da Sudan ta Kudu, an ba masu kula da lafiya a ƙauyuka duwatsun wuya da aka zuba a zare, suna ja ɗaya ɗaya kamar carbi. A nan ma ana iya yin haka. Uwa ta sami zare mai ƙarfi, ta zuba ƙwaya 60 idan ɗanta bai cika wata 2 ba, 50 idan ya cika wata 2 amma bai cika shekara ba, ko 40 idan ya cika shekara. Kowane numfashi ta ja ƙwaya ɗaya. Idan mai agogo ya ce a tsaya, da sauran ƙwaya a hannunta, numfashin bai kai haddi ba. Idan ƙwaya ta ƙare minti bai cika ba, ko suka ƙare tare, sai a kama hanya. Ba ta bukatar ta furta lamba ko ɗaya. Mai carbi ma yana iya amfani da shi, in dai ya tuna kowane yanki ƙwaya 33 ne.

A ɗauki misalin yara biyu a gida ɗaya, kowane yana da shekara 2. Na farko tarinsa kamar ana buga ganga, majina tana zuba, dare duka ya hana mutane barci. Aka ƙirga aka samu 32. Yana ci, yana wasa. Wannan mura ce. Ba ya bukatar allura, ba ya bukatar kapso. A ba shi ruwa da kunu da yawa, a share masa hanci, a ba shi zuma cikin ruwan ɗumi. Zuma kuwa sai ga wanda ya wuce shekara, ba a ba jinjiri. Na biyu tarinsa kaɗan ne, can ƙasa ƙasa. Ya kwanta shiru, ba ya damun kowa. Aka ƙirga aka samu 54. Kakarsa ta dubi uwar ta ce, "Ke dai rufe shi da bargo, ɗiyata, sanyi ne, gobe zai tashi." Da kyakkyawar zuciya ta faɗa. Amma wannan na biyun shi ne ke cikin haɗari. Ƙarar tari ba ita ce ma'auni ba.

Bayan ƙirge, akwai abu na biyu da ake duba tun rigar tana ɗage. Yaro mai lafiya idan ya ja iska, ƙirjinsa da cikinsa duk waje suke bunƙasa. Idan ciwo ya yi nisa, huhu yakan yi tauri. Sai a ga ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki duk lokacin da yaro ya ja iska, kamar ana tsotse shi. Idan ana ganin haka a kowane ja, kuma yaro yana natse, ciwon ya wuce na jira. Haka ma idan kofofin hancinsa suna buɗewa da rufewa, ko yana nishi a ƙarshen kowane numfashi, ko ana jin ƙara mai kaushi idan ya ja iska.

Akwai kuma alamun da idan an gansu ba a tsayawa neman agogo. Yaro ya kasa shan nono ko ruwa. Yana amayar da duk abin da aka ba shi. Yana jijjiga. Barci ya danne shi, ana tashinsa ba ya tashi sosai. Leɓensa ko harshensa ya canza launi ya yi duhu. Ko da tsakar dare ne, a ɗaura amalanke ko a nemi ɗan kabu-kabu. Jaririn da bai cika wata 2 ba, shi kam duk wata alama a gare shi babba ce.

Ba ciwon huhu kaɗai ke sa saurin numfashi ba. Zafin jiki ma yana ƙara shi. Da damina da farkon kaka, yaron da ya zo da zafin jiki da saurin numfashi, ko masassarar sauro ce, ko ciwon huhu, ko duka biyun a haɗe. Malamin likita ne zai raba, ya ɗan soki yatsa ya auna jini. Wani lokaci numfashin ba sauri kaɗai yake ba, zurfi yake yi, kamar na wanda ya sha gudu, alhali yaro yana kwance. A buɗe tafin hannunsa. Idan ya yi fari fat, jininsa ya ragu ƙwarai, kuma sai babban asibiti inda ake ƙarin jini. Yaro mai tamowa kuma abin lura ne daban. Ƙarfinsa kaɗan ne, ciwo yana iya cin huhunsa numfashin bai kai haddin ba. Mai tamowa idan yana tari, a kai shi, ko lamba nawa aka samu.

Mutanen Magarya ba sai an ba su labarin wannan ba. Tun shekarar 2005 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta fara aikin yara a ƙasar. A watan Satumba na 2018 ta sanar da duniya cewa cikin wata guda, a ƙiyasi yara 10 ke rasuwa kowace rana a asibitin Magarya, akasarinsu saboda masassara da tamowa. Ciwo ya yi yawa a shekarar. Amma akwai abin da kowane malamin asibiti ya sani: yaron da aka kawo a rana ta farko da wanda aka kawo a rana ta biyar, aikinsu ba ɗaya ba ne. A duniya baki ɗaya, OMS ta ƙiyasta cewa ciwon huhu ya kashe yara ƴan ƙasa da shekara 5 sama da 740,000 a shekarar 2019.

Abin takaici, maganinsa ba mai wuya ba ne. Idan an kawo yaro da wuri, ƙwaya ake ba shi mai suna amoksisilin. Ana narkar da ita cikin ɗan ruwa mai tsabta ko nonon uwa, safe da yamma, yawanci kwana 5. Malamin likita ne ke faɗin yawanta bisa shekarun yaro ko nauyinsa. A kwana na biyu ko na uku yaro yakan ji sauƙi. Nan ne wasu uwaye ke tsayawa, su ɓoye sauran don wata rana, ko su ba ɗan kishiya da ya fara tari. Kuskure ne babba. Cutar ba ta mutu ba, ta dai kwanta. A shanye magani duka. A ci gaba da ƙirgawa safe da yamma. Idan lamba tana sauka, magani yana aiki. Idan ta tsaya wuri ɗaya bayan kwana 2 ko 3, ko ta hau, a koma. Wanda ciwonsa ya yi tsanani, a asibiti akwai ƴar na'ura da ake maƙalawa a yatsa ta nuna yawan iskar da ke cikin jini. Idan ta yi ƙasa da 90, sai a sa masa iskar oksijan ta hanci.

Kapson da ake saye a faifai ranar kasuwa ba zai maye wannan ba. Mai talla bai ga yaron ba, bai ƙirga komi ba, maganin kuma ya sha rana. Wanzami yana da aikinsa a gari, ba mai raina shi. Amma tsaga a haƙarƙari, ko ƙaho, ko cire belu, ba su kai inda ciwon yake. Ciwon yana can cikin huhu. Abin da suke ƙarawa shi ne zubar jini, da ɓata kwana biyu da yaro ba shi da su.

Hanya ta fi da kusa. Daga farkon shekarun 2000, a zamanin shugaba Tanja Mamadu, aka gina ƙananan gidajen likita kusan 2,000 a karkarar Nijar. Daga baya aka koya wa ma'aikatansu ƙirgen numfashi da ba da maganin ciwon huhu, da na masassara, da na zawo. A shekarar 2006 gwamnati ta kafa dokar duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Masu bincike sun auna abin da ya biyo baya. A 1998, cikin yara 1,000 da aka haifa, 226 ba su kai shekara 5. A 2009 adadin ya sauko zuwa 128. Gaskiya ne wani lokaci magani kan yanke, a rubuta takarda a ce a je a saya. Duk da haka, gara a je a san ciwon.

Uwar da ta zo da lamba a bakinta ta rage wa kowa aiki. Ta ce, "Malam, wata 8 ke gare shi, tun shekaranjiya yake tari, da safen nan mun ƙirga 58." Malamin zai sake ƙirgawa da kansa, aikinsa ne. Amma ya san ba a bar wannan yaro a ƙarshen layi ba.

Sai maganar maigida. Da an gama kaka, maza da yawa daga Bande, da Waca, da Dogo-Dogo, da Malawa sukan tafi ci-rani, wasu Kano, wasu har Legas. Gida ya rage mata da tsofaffi. Yaro ya kwanta, uwa ta ga alama sarai, amma ba ta da izinin fita, ba ta da kuɗin amalanke. Kafin a samu maigida a salula, kafin ya aiko, kwana biyu sun wuce. Ya kamata a gama wannan magana tun kafin a ɗauki jaka. Maigida ya faɗa a gaban mahaifiyarsa da ƙanensa: idan lamba ta kai, a tafi, ba sai an neme ni ba. Ya ware tiya biyu ko uku, ko ɗan akuya, da sunan hanya. Makiyayan da ke nesa da gari su ma su san gidan likitan da ya fi kusa da duk inda suka sauka.

Rigakafi yana rage aikin tun daga tushe. Allurar da ke tsare yaro daga babbar ƙwayar ciwon huhu ta shigo cikin lambar yara ta Nijar a shekarar 2014. Ana yin ta sau uku, a mako 6, da 10, da 14 bayan haihuwa, tare da sauran. Ta ƙyanda kuma a wata 9, a koma a yi ta biyu cikin shekara ta biyu, don ƙyanda tana yawan jawo ciwon huhu a bayanta. Nonon uwa zalla har wata 6 shi ma kariya ne. Sai hayaƙi. Da ɗari akan rufe ɗaki ruf, a hura wuta da kara ko kashin shanu, yara su kwana suna shaƙa. Da rana kuma jinjiri yana goye uwa tana tuƙa tuwo, hayaƙi yana shiga hancinsa. OMS ta ce kusan rabin yaran da ciwon huhu ke kashewa, hayaƙin cikin gida yana da hannu a ciki. A bar wuta ta zama garwashi a waje kafin a shigo da ita, a bar kafar da iska za ta shiga. Lokacin girki a miƙa jinjiri ga yayarsa.

Manya ma ana ƙirga nasu. Tsohon da ke tari da zafin jiki, yana zaune amma numfashinsa ya kai 25, ya kamata a duba shi. Idan ya kai 30, a gaggauta. Mai jego da numfashinta ya yi sauri, ga zafin jiki ko zubar jini, ita ma haka. Sai dai babba idan ya san ana kallon ƙirjinsa, yakan canza numfashinsa. Shi ya sa malaman likita kan riƙe wuyan hannu kamar suna jin bugun jini, alhali ƙirji suke kallo. Akwai kuma numfashin da ke yin ƙasa. Samarin da ke haɗiyar taramol don su jure aikin gona, idan ya yi musu yawa, wani yakan faɗi yana jijjiga, wani kuma numfashinsa ya ragu ƙasa da 12, har 8 ko 6. Ba barci ba ne. A kwantar da shi ta gefe, a ɗauke shi zuwa likita. Tarin da ya wuce mako 2 kuma, ga babba ko yaro, a je a auna, kada ya zama tarin fuka ne.

Aikin wannan wata ga ɗaliban yaƙi da jahilci shi ne kowa ya ƙirga numfashin ƴaƴansa tun suna lafiya. A yi da dare bayan sun yi barci, a haska fitila, mutum biyu. A rubuta sunan yaro, da shekarunsa, da lambar da aka samu. A maimaita kwana uku. Wanda ba shi da agogo ya haɗa kai da maƙwabcinsa mai salula. Ranar karatu a zo da takardun, a gwada na wannan da na wancan a kan allo.